Kwamandan da Janareta Ya Gagara

Wasu mazan ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu kuma ba sa iya barci sai sun ji 'yan siyasa suna zage-zage a rediyo. Ni tawa jarabar ta fi ban kunya: fim ɗin da mutane ke yaƙi da injina. Da furfurata da 'ya'yana, in dai aka ce ga wani saƙago mai jan ido yana bin jama'a da bindiga, to tuwona sai dai ya huce.

Tushen ciwon shi ne Terminator na 1984, wanda James Cameron ya shirya. Mu 'yan gidan kallo ba mu san wani Arnold Schwarzenegger ba, Kwamando muke ce masa. An turo shi daga shekarar 2029 ya kashe Sarah Connor tun kafin ta haifi John, yaron da zai ja ragamar 'yan Adam a yaƙinsu da Skynet, wato kwamfutar da aka danƙa wa makaman nukiliyar Amurka, ita kuwa da ta yi wayo sai ta juya kan iyayen gidanta. Na biyun, na 1991, shi ya ƙarasa ni. Kwamando ya dawo akta, bos ɗin kuma ruwan ƙarfe ne, a harbe shi ramin ya cike nan take. Na san daidai inda Kwamando zai nutse cikin narkakken ƙarfe da babban yatsansa a sama, na gani har na haddace, amma duk ranar da aka zo wurin sai in ce wa yara hayaƙin maganin sauro ne ya shiga idona.

Daga nan kuma ban bar komai ba. The Matrix na 1999, inda injina suka mai da mutane batir, ya hana ni sukuni har na riƙa kallon soket ɗin ɗakina da zargi. Na Indiya ma ban ƙyale ba: Chitti, saƙagon da Rajinikanth ya fito a matsayinsa a Enthiran na 2010, da aka saka masa mugun guntu ya addabi gari, har da waƙa da rawa a tsakani. A fim ɗin 1991 an ce ranar 29 ga Agusta, 1997 Skynet za ta tashi duniya. Ranar ta zo ta wuce lafiya lau, kuma Allah ya yafe mini, sai da na ɗan ji haushi.

A majalisarmu ni ne masani. Da an ambaci ƙirƙirarriyar basira sai in gyara zama, in fara bayanin yadda za mu ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, da yadda karnuka ke gane saƙago ko da ya sa fatar mutum. Abokaina har laƙabin Kwamanda suka ba ni, ni kuwa ina amsawa da fara'a.

To ga kwamandan a fagen fama. Rannan aka ɗauke wuta ana tsakiyar harbe-harbe a fim, na fita zan tayar da janareta. Na ja igiya, na ja, na ja, har kafaɗata ta riƙe, singileti ya jiƙe sharkaf. Na ciro fulogi na hura, na mayar, na ɗan shure shi da ƙafa. Shiru. Yaron maƙwabcinmu, ɗan firamare, ya leƙo ya ce, "Baba, ai ba ka buɗe mai ba." Ya murɗa wani ɗan abu, ja ɗaya inji ya kama. Uwargida tana bakin ƙofa da butar alwala, ta ce, "Maigida, wai kai ne za ka cece mu ranar da injinan suka tashi?" Ban tanka ba. Injin ATM kuwa da ya haɗiye mini kati, lallashinsa na tsaya yi a gaban layi kamar mai bikon amarya.

Abin da ya fi muni, wanda majalisa ba ta sani ba, shi ne na daɗe da fara fadanci a ɓoye. Manhajar nan ta waya da ake yi wa tambaya ta amsa, ba na tambayarta komai sai na yi sallama, in ce don Allah, in ta gama in yi godiya har da addu'a. Ba tarbiyya ba ce. Lissafina shi ne, 2029 ga ta nan tafe, in abin ya tabbata, gara a duba rajista a ga ni mutumin kirki ne.

Saboda haka masu shirin kafa rundunar ceton bil Adama, ku cire sunana daga sahun gaba, ku sa yaron maƙwabcinmu. Wanda kuma yake da Terminator na 2019 a wayarsa, wanda kowa ya ce bai yi daɗi ba, ya taimaka ya turo mini, nawa 'yata ta goge.