Ni da Ƙatuwar Kwamfuta

Ina da wata cuta: in aka ajiye mini abu biyu, babban nake ɗauka, ko da ƙaramin ne zai yi aikin. Ita ta tashi da na ji labarin Home Assistant, manhajar da wani ɗan Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, wadda ke kunna fitila da fanka da injin ruwa a lokacin da ka tsara mata.

Masu sani suka ce don tafiyar da ita Raspberry Pi ta isa, ’yar kwamfuta daga Ingila wadda ba ta cika tafin hannu ba. Na dube ta a hoto, na ce wannan ba za ta shiga garinmu Sunke da ke Anka da sunana ba. Na je Kano na ɗauko ƙatuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, aka ɗaure ta a bayan mota har Anka kamar buhun gero. Maƙwabta suka zo gani, na ji daɗi.

Abin da ban lissafa ba, ita wannan ba a kashe ta. Dare da rana ci take. Gidanmu kuwa sola ce da batir ɗaya. Kafin a fito sallar isha’i ta shanye shi tas, inbata ta yi kuka, gida ya yi duhu. Uwargida ta fito da tocila ta ce, “Malam, wagga ce za ta kunna muna wuta?” Na ce gwaji ake yi.

A ɓoye na sayo ’yar ƙaramar. Amma wanda ya yi ɓarna a babba sai ya yi rowa a ƙarami: na sa mata katin memori mafi araha. Manhajar kuwa ba ta daina rubutu a kati, ga wuta na ɗaukewa tsakiyar aiki. Katin ya mutu da duk abin da na tsara.

Sai na kulle ’yar kwamfutar cikin akwati don ƙura da yara, a watan Afrilu. Ashe in zafinta ya kai digiri 80 rage gudu take da kanta. Ka taɓa waya, ka gama alwala, sannan fitila ta kama.

Yanzu tana kan kanta inda iska ke ratsawa, da SSD maimakon kati, da ɗan batirinta daban. Ba ta buƙatar intanet, kuma duk wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 ya san darajar wannan. Mulkinta ƙwan fitila uku ne da fanka ɗaya, aikin da autana ke yi a da kyauta. An ƙara masa girma: shi ke tayar da ita in ta maƙale.

Kafin ka gama yi mini dariya, juya bayan wayarka ka ƙirga kyamarorin, sannan ka gaya mini nawa ka taɓa amfani da su.