Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kwamfuta, Dattijuwar Shagon Buga Takardu a Birnin Ƙonni

Zuwa ga Hajiya Kwamfuta, mazauniyar teburin kusurwa a wani shagon buga takardu da ke bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni. Ma'aikatan shagon suna sanar da Hajiya cewa sun zauna a kan batun makomarta, kuma da yake Hajiya takan daɗe kafin ta buɗe takarda ko da mai shafi ɗaya ce, sun ga ya kamata su rubuto da wuri domin saƙon ya riske ta kafin a zartar da hukunci.

Ba wanda ke musun hidimar da Hajiya ta yi wa jama'ar jihar Tawa, domin ita ta buga takardun neman aiki na samarin da ke hanƙoron shiga masana'antar siminti ta Malbaza, da lissafin dillalan albasar Galmi, da tambayoyin jarrabawa na malaman makarantun Illela. Sai dai ƙwaƙwalwarta, wato guntun da ke yin dukan lissafi a cikinta, samfurin Core 2 Duo ce da kamfanin Intel ya fitar a 2006, kuma a yau mai gadi yakan kunna Hajiya da safe, ya hura gawayi, ya dafa shayi har zagaye na biyu, sannan ta amsa sallama. Saboda haka shago ya rabu gida biyu: mai shago, wanda kowace jika ke fita daga aljihunsa, yana son a yi gyara, samari masu buga rubutu kuwa suna son a kawo wata.

Adalci ya sa aka fara da binciken abin da ke damun Hajiya, domin sanyin jikin kwamfuta yana da dalilai dabam-dabam, kuma wasunsu ba su da alaƙa da tsufa. Na farko ƙura ce. Hunturu yakan cika fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwa da ƙasa, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, ita kuwa ƙwaƙwalwa an gina ta yadda za ta rage gudunta da kanta idan ta yi zafi, don kada ta ƙone. Maganin wannan bai wuce a buɗe akwati a hure ƙura a sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi ba. Haka kuma yadda Hajiya ke wayewar gari tana tsammanin har yanzu ana shekarar da aka ƙera ta, wanda wasu suka ɗauka ruɗewar tsufa ce, laifin wani ƙaramin batiri ne mai faɗin kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo idan an kashe wuta.

Babbar matsala tana ga ma'ajiya. Kwamfuta na da ma'ajiya iri biyu, kamar yadda manomi ke da rumbu da kuma tabarmar shanya: faifan ajiya shi ne rumbun da komai ke kwana a ciki, RAM kuma ita ce tabarmar da ake baje abin da ake aiki a kansa yanzu, ta yadda idan tabarmar ta yi kaɗan dole a riƙa kai da komo zuwa rumbu. Faifan Hajiya na ƙarfe ne mai juyawa sau 7,200 a minti, da allurar da ke neman bayani a kansa, kuma ƙarar da ake ji idan an ba ta aiki ta wannan allura ce. Idan aka musanya shi da SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da abin da ke motsi a cikinta, aka kuma ƙara RAM daga giga 2 zuwa 4, lokacin tashin Hajiya zai ragu ƙwarai, kuma a ra'ayin masu wannan wasiƙa babu kuɗin gyaran da ke biyan kansa kamar wannan. A nan mai shago yana da gaskiya.

Amma akwai abin da gyara ba ya kai wa gare shi, kuma ana roƙon Hajiya ta yi haƙuri da jin sa. Babban allon da dukan sassa ke zaune a kansa yana da iyakar RAM da zai ɗauka, kuma irin wadda yake karɓa, DDR2, sai an tona a tarin tsofaffin kaya a Sakkwato ko Kano. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 da Hajiya ke ɗauke da ita gyare-gyaren tsaro tun 14 ga Janairu 2020, ya daina wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ta fi ta Hajiya ƙuruciya da kimanin shekara goma. Ma'anar wannan ita ce duk ranar da Hajiya ta shiga intanet, ko aka soka mata filashin ajiya na wani abokin ciniki, takardun mutane ne ke cikin haɗari. Wani daga cikin samarin ya kawo shawarar Linux, manhajar kyauta mai sauƙin nauyi, amma mai shago ya tambaye shi ko tsohuwar na'urar buga takarda za ta fahimci wannan yare, shi ke nan aka bar maganar zuwa wani zama.

Sai batun wuta. Hajiya ba ta da batirin aiki, don haka duk ɗaukewar lantarki takan tafi da shafin da ba a adana ba. Ma'aikata ba su manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ba za ta iya ɗaukar nauyin jiha ita kaɗai ba. Kwamfutar cinya kuwa, ko da 'yar gwanjo ce, tana cin wuta kaɗan kuma tana ci gaba da aiki idan an ɗauke.

Su ma samarin an ja musu kunne, domin kwamfutocin da ke shigowa ta Illelar Najeriya suna zuwa da allon rubutu na Ingilishi, QWERTY, alhali yatsun masu buga takardun Faransanci sun saba da AZERTY mai ɗauke da é da è da ç. Tun da kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, za a ƙara neman ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a kan ko ɗaya daga cikin allunan biyu sai an girka musu tsari na musamman. Batirin 'yar gwanjo kuma sai an gwada shi a gaban mai sayarwa kafin a ƙirga kuɗi.

Ga hukuncin da aka cimma. Za a share wa Hajiya ƙura, a sa mata SSD da sabon batirin agogo, a ƙara RAM idan an samu, bisa sharaɗin kada kuɗin duka ya wuce sulusin farashin 'yar gwanjo mai lafiya, domin abin da ya haura haka gara a tara shi a sayi wata. Za a cire mata wayar intanet, ta tsaya ga buga rubutu da kula da na'urar buga takarda, ita kuwa amaryar da za a kawo bayan kakar albasa, idan ciniki ya buɗe, ita za ta riƙa hulɗa da duniya. Mai gyara zai zo ranar Alhamis, kuma ana roƙon Hajiya, don girman Allah, kada ta nuna shuɗin allon da takan nuna idan ta maƙale kafin a gama kwafe takardun mutane.

Wassalam, daga ma'aikatan shago.