Mutanen Ajin Bayolojin Dole

Babu wanda ya taɓa cike fom ɗin JAMB yana mafarkin wannan kwas ɗin. Wanda ya zaɓi karatun lauya ya zaɓa ne don ya huta da zanen ƙwarangwal, wadda ta tafi aikin jarida ta yi sallama da bayoloji tun ranar da ta fito daga ɗakin WAEC, ɗan sashen Larabci kuwa ya ɗauka shi da maganar ƙoda sai dai a asibiti. Sai ga darussan gama-gari, GST, waɗanda tsarin jami'o'in Najeriya ya ɗora wa kowa, sun tattaro su an zuba mana a zaure ɗaya da ƙarfe takwas na safe. Mu ba mu nema ba, su ma ba su nema ba.

Ranar farko nakan karanta musu ƙa'idoji, shafi ɗaya tak. Halartar lakca kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa. Maki 30 na tes da aikin gida, 70 na jarrabawa, 40 ne ci. Waya a kashe. Ba a sake wa kowa tes sai da takardar asibitin makaranta. Wanda aka kama da satar amsa, shi da kwamiti. Daga wannan shafi ɗaya rabin mutanen ajin suke samun sana'a.

Na farko shi ne Mai Hannu Bakwai. Takardar halarta in ta iso gare shi takan daɗe. Biro uku gare shi, da salon rubutu na maza da na mata, kuma bai taɓa cin amanar abokin da ya bari yana barci a hostel ba. Albarkacinsa zauren da ke cin mutum ɗari uku yakan ba ni sunaye ɗari huɗu da 'yan kai. Ranar da na yi bayanin cewa akwai bakteriyar da ke rabuwa biyu duk minti 20 in ta sami abinci da ɗumi, shi kaɗai ne bai yi mamaki ba.

Kusa da shi akwai maraya na dindindin, wanda kakarsa ba ta rasuwa sai daren tes. A darasin gado na gaya musu kowane ɗan Adam kakanni mata biyu gare shi, ta wajen uwa da ta wajen uba. Wannan ya binne huɗu kafin tsakiyar zango. In ka tuna masa, sai ya sunkuyar da kai: "Malam, wannan kishiyar kakar ce. Waccan kuma ita ta yanke wa babanmu cibi." A ƙasar Hausa ba a ƙaryata mutuwa. Sai dai ka ce Allah ya jiƙanta, ka ƙara da addu'ar Allah ya ja kwanan waɗanda suka rage har bayan jarrabawa.

Amma gwanina, wanda in babu shi zango ba ya yi mini daɗi, shi ne Barista. Ɗan aji biyu ne, bai ma gama dokar kwangila ba, amma baƙar kwat ba ta barin jikinsa ko a zafin watan Afrilu. Shi kaɗai yake ajiye shafin ƙa'idojin nan, ya kai an manne masa shi da leda, ya ja wa wasu kalmomi jan layi. Ba ya ɗaga hannu, miƙewa yake yi, ya gyara maɓalli, ya fara da "Tare da girmamawa, Malam," kuma duk wanda ya san shi ya san girmamawar a nan ta ƙare.

Shari'arsa ta farko kullum a kan halarta take. Lakca goma sha biyu aka yi, kashi 75 tara ke nan, shi kuma takwas gare shi. Sai ya zo ofis da hujja: takardar ta ce "halarta," ba ta ce "zama a kan kujera" ba. Ranar ta tara yana tsaye a bakin taga saboda zaure ya cika, kunnensa na dama yana ciki, kuma yana da shaidu biyu adalai a waje suna jira. Abin haushin shi ne zauren ya cika ɗin da gaske, kuma lasifika ta mutu tun zangon bara. Shari'a ta biyu a kan jemage take. Na ce jemage dabba ce mai shayarwa, tana da gashi, tana haihuwa, tana ba da nono. Ya ce bisa al'adar da aka gada kaka da kakanni, matsayin jemage bai tabbata ba, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, kuma al'ada tushe ce daga tushen doka, don haka a ba shi rabin maki. Wannan na kore ta nan take.

Ta ukun ce ta kayar da ni. A tes na tambaya ko bairos mai rai ne ko maras rai, ina jiran a ce maras rai, tunda ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar wani ya yi amfani da kayan aikinta. Barista ya zaɓi mai rai, ya faɗi, ya tafi laburare a karon farko a rayuwarsa, ya dawo da littattafai biyu da suka nuna masana kansu suna jayayya a kai: ai yana da kayan gado nasa na kansa, yana kuma sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Ya dafa teburina ya ce, "Malam, inda shakka ta shiga, wanda ake tuhuma ake ba wa gaskiya." Na ba shi makinsa biyu. Ya karanta bayoloji a makon nan fiye da duk ajin, don kawai ya tabbatar ba a koya masa daidai ba. In ya zama alƙali ban san yadda za a yi ba, amma in ya zama lauya ina son lambarsa.

'Yar layin gaba kuwa tambayarta ɗaya ce. Ka gama ba da labarin yadda Robert Hooke ya yanki ɓawon itace siriri, ya leƙa ta gilashinsa, ya ga ƙananan ɗakuna jere, ya buga zanensu a 1665, ka ɗan dakata don abin ya ratsa mutane, sai ka ga hannunta a sama: "Malam, shekarar za mu riƙe ko sunan?" Duk abin da ba zai fito a jarrabawa ba, a wurinta hira ce.

Alhaji, ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya dawo karatu da furfura, yakan zo a makare, makullin mota a hannu, ya gaida ni da "Allah ya gafarta Malam, ka san mu karatun girma." Duk zango shiru yake, har ranar da aka zo maganar ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, inda bakteriya ke zaune tana janyo naitirojin daga iska tana mayar da shi taki. Nan ya gyara zama. Ya yi wa aji bayanin dalilin da ya sa ake shuka wake a tsakanin gero, da yadda ƙuduji ke manne wa saiwar dawa tun a ƙarƙashin ƙasa ya tsotse ta kafin manomi ya ga furensa. Na ajiye alli na saurara. A jarrabawa 41 ya samu.

Ranar firaktikal sau ɗaya take zuwa a zango, maikuroskof ɗaya ga mutum goma sha wani abu. Aikin mai sauƙi ne: a ɓare siririyar fatar cikin albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a ɗiga aidin, a rufe, a leƙa, a zana abin da aka gani. Wata ta riga ta zana tun daga ɗaki, kwafin littafi, har da sassan da wannan na'urar ba za ta taɓa nunawa ba. Wani ya zana kumfar iska, zagayayya mai baƙin baki, ya sa mata kibiya ya rubuta cibiyar ƙwaya. Wani gashin idonsa ya zana, dogaye guda biyar. Akwai mai ƙarfi, wanda ke murɗa babban maɓallin ƙasa, ƙasa, har ka ji "ƙas," gilashi ya fashe, ya ɗago ya ce a haka ya same shi. Can kuma sai wata da ba ta taɓa magana ba ta ci sa'ar saiti, ta ga ƙwayoyin a jere kamar tubalan gini, kowacce da ɗigonta mai duhu a ciki, ta ce "La ilaha illallahu! Wannan duk a cikin albasa?" ta ƙi ba na bayanta wuri. Sauran albasar ba ta taɓa dawowa sito ba, kuma ina da zato a kan 'yan hostel ɗin da ke girki.

Ustaz tun makon farko yake jiran makon Darwin. Ya shirya, ya yi nazari, ya zo da takardu a aljihun gaba. Nakan gaya masa littafin Darwin na 1859 kusan bai taɓo maganar mutum ba, kuma ba a tambayar kowa aƙidarsa a takardar jarrabawa, abin da masanan fannin suka ce da hujjarsu ake tambaya. Mukan rabu kowa na kan bakansa, cikin mutunci. Daga baya in na kawo Ibn al-Nafis, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu tun ƙarni na 13, shekaru ɗaruruwa kafin William Harvey ya buga nasa a 1628, sai ya juya ya dubi ajin yana gyaɗa kai, sai ka rantse da shi aka yi binciken.

Daktan WhatsApp ya fi wahalar sha'ani. Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a 1897, amma shi har yau ɗanyen mangwaro yake zargi. Ka ce mura bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, shan sa barkatai ma koya wa bakteriya taurin kai yake yi, sai ya ce shi dai ya sha ya warke. Ba na raba ɗaya biyu yana cikin waɗanda suka tashi dangi da asuba a watan Agustan 2014 a yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola.

Lakca guda ce ake yi mini tafi. Ita ce ranar da nake cewa kuromosom 46 ne a ƙwayar jikin mutum, 23 daga uwa, 23 daga uba, uwa X kaɗai take bayarwa, uba ne ke kawo X ko Y, don haka samun ɗa namiji ko mace daga ɓangarensa yake fitowa. Ɓangaren mata ya ɗauki guɗa. Bayan an tashi wata Hajiya mai 'ya'ya mata huɗu takan biyo ni: "Malam, don Allah ka rubuta mini a takarda, ka buga hatimi, zan kai wa uwar mijina."

Akwai kuma wani malami da na sani ƙwarai, wanda ya kafa dokar rufe ƙofa da takwas da minti goma, shi kuma yakan iso takwas da kwata. Takardun lakcarsa sun koma launin shayi, har yanzu rukunan halittu biyar na Whittaker na 1969 ne a ciki, gyaran da Carl Woese ya kawo a 1990 yana gefe da fensir. In ya kasa gama manhaja sai ya sa lakca ranar Asabar, ya yi ta mamakin rashin kishin yaran zamani. Mutumin kirki ne, ba zan faɗi sunansa ba.

Duk waɗannan na yafe musu. Har wanda ya ce tunda AS da AS kashi ɗaya cikin huɗu ne ke haifar SS, shi da budurwarsa 'ya'ya uku za su yi su tsaya, shi ma na yafe masa, don rashin fahimta ne, kuma yana gyaruwa: kowane ciki lissafinsa sabo ne, na farin ma yana iya zuwa da sikila, duka ukun ma suna iya zuwa da ita.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne wanda ya fahimta sarai. Ya zana akwatin gadon nan mai gida huɗu ba kuskure, ya rubuta cewa jar ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa mako biyu zuwa uku, ta lanƙwashe ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ya san kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ɗin nan. Ya sami A a jarrabawa. Bayan shekara biyu ko uku sai ga shi a ofis da fara'a, an sa rana, ya zo gaisuwa. Sai ya rage murya. Shi AS ne, yarinyar ma AS, iyayenta sun ce sai sun ga takarda, ga shi jihar Kano ma tun 2024 ta mayar da gwajin kafin aure doka. Ko Malam ya san wani a ɗakin gwaji da zai taimaka a rubuta AA?

Kalmar da yake amfani da ita ke nan, taimako. Wannan mutumin ba jahili ba ne da za a ce bai san me ake nufi da yaro ɗan shekara huɗu yana ihu da tsakar dare ƙasusuwansa na ciwo ba, ana yawon neman jini, uwar tana zaune a barandar asibiti. In su biyun sun sani, sun zauna da likita, sun zaɓi su yi auren da idonsu buɗe, wannan shawararsu ce. Shi ba haka yake so ba. So yake a rufe idon yarinyar da na iyayenta da takardar ƙarya, in abin ya faru ya ɗaga hannu sama ya ce ƙaddara ce. In na ce ya tashi ya ba ni wuri, sai ya yi mamaki, ya ce ai ya ɗauka Malam mai fahimta ne. Wasu irinsa har katin ɗaurin aure suke aiko mini daga baya.