Jinjina ga Mai Fafe Gora Ranar Tafiya

Allah ya ja zamanin ɗalibin ilimi, toron giwar bayan aji, ingarman da allo bai taɓa ganin goshinsa ba! An liƙa jadawalin jarrabawa, jami'a ta ɗau zafi, yau ce ranar da ya kamata a buga wa gwarzo tambari. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da sun riski zamanin wannan sadauki da sun janye maganarsu, domin shi ranar tafiyar ma yake shuka duman.

Mako goma sha biyar ana lakca, bajimi ya ƙaurace wa aji saboda tsabar tausayi, kada ya ƙara wa malami cunkoso. Doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin ya zauna jarrabawa, shi kuwa ya cika sharaɗin ba tare da ya taka ƙofa ba. Yana kwance a ɗaki yana munshari, sa hannunsa yana can a takardar halarta, da biron abokinsa. Mutum ɗaya a wuri biyu, irin wannan karama ko a tarihin mutanen da sai an tona. Ana jibi jarrabawa na ji shi yana tambaya cikin natsuwar malamai, “Wai mai koyar da kwas ɗin nan mace ce ko namiji?” Mai neman sani ke nan, ba ya jin kunyar tambaya.

Ga biyayya ga na gaba. Lokacin da ASUU ta tafi yajin aiki a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur yana gida bai buɗe littafi ba, don nuna goyon baya ga malamansa. Malaman sun janye nasu yajin tuni, shi yana nan a kan nasa, domin ɗan halak ba ya saɓa alkawari.

Sai daren jarrabawa, daren da maza ke nuna kansu. Da magariba ya ari handawut mai shafi 80 ya kai wa mai fotokwafi, fotokwafin fotokwafi ne, haruffa sun dushe kamar sawun kaza a rairayi. Ƙarfe goma sha ɗaya ya shiga aji da kayan yaƙi: bokitin ruwan sanyi da zai tsoma ƙafa, Nescafé ƙulli uku, goro ɗan ƙwarya biyu, tocilan saboda NEPA. Ya jera su a kan tebur, ya ɗauke su hoto, ya ɗora a WhatsApp, ya rubuta a sa su a addu'a. Tun da mutane sun amsa, ladabi ya tilasta masa bin kowa da amin, daga nan TikTok ta nemi a leƙa ta, ai baƙo ba a korarsa. Ƙarfe ɗaya saura ya buɗe shafi na uku, ya ɗora kunci a kai. Nan ilimi ya riƙa ratsa fata yana shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye har aka kira assalatu, ga shatin yawu a kan takarda don shaida.

Zancen assalatu, wa ya kai shi? Limamin masallacin ɗalibai ya yi wata uku bai san fuskarsa ba, yanzu shi ne bayan liman, shi ke riga ladan buɗe ƙofa. Ya kira gida murya a sanyaye: “Umma, a taya mu da addu'a, malaman nan mugaye ne. Baba, an ce a sayi littafi uku.” Baba ya kai buhun masara kasuwa. Kuɗin sun isa lafiya, mai shayi da mai sayar da data sun shaida, gwarzo kuma ya koma jiƙa garin kwaki da suga, abincin masu gudun duniya.

Amma inda na sara masa shi ne wajen rubutu. Karatun zango guda ya tattara a takarda mai faɗin katin waya, layi a kan layi, ko tururuwa sai ta sa tabarau. Ya naɗe ta ya cusa a ninkin hula, abin da ya rage ya zuba a cinya. Mahassada suna kiran wannan satar amsa, alhali taƙaita ilimi ne wanda manyan marubuta ke shekaru ba su iya ba. Da tambayoyin suka ƙi bin hanyar da ya shata musu, bai karaya ba. Ya miƙa wuya irin na raƙumin dawa, ya kwashe amsar maƙwabcinsa tsaf, bai bar ko waƙafi ba. Maƙwabcin wani kwas daban yake rubutawa, amma ai ilimi duk ɗaya ne.

Sakamako ya fito. Maki 40 ake nema, ya kawo 12, saura ya bar wa mabuƙata. Matakin 4.50 na digiri mai daraja ta ɗaya kuwa tun a aji ɗaya ya yafe wa masu kwaɗayin duniya. Bai ci amanar kowa ba wajen bayani, ya faɗa wa Baba gaskiya cewa malam ne ya ba shi F.

Ranka ya daɗe, kainuwar harabar jami'a, uban ɗakin sababbin ɗalibai, mai digirin shekara huɗu a shekara ta shida! Malaman sashen sun kasa rabuwa da kai, sun liƙa lambarka a allon sanarwa, suna gayyatar ka baɗi ka sake zama kwas huɗu.