Wai Har Da Ɓeraye?

Na san halinku, 'yan majalisar mai shayi. Da an ce yaro ya rame, kun yanke hukunci kafin shayin ya huce: haƙori ne, ko ya sha ciki, ko kishiyar uwarsa ce ta yi aiki. Baiwar Allah, tana can tana dakanta.

To ku gyara zama. Akwai yaron da ake ɗura wa kunu safe da yamma amma ba ya ƙaruwa, don hanjinsa ne ya gaji. Bangon hanji yana da 'yan tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana damƙar ƙasa da kashin kaji yana kaiwa baki, tsiron nan kan kumbura su daƙushe, ko da ba a ga zawo ba. Abinci ya shiga ya wuce, ko sallama babu.

"Almara!" in ji Malam na kan benci. Haƙuri dai, Malam. A Malawi an bi diddigin tagwaye, uwa ɗaya, akushi ɗaya, amma ɗaya ya kumbura da tamowa, ɗan'uwansa garau. Jeffrey Gordon na Amurka da abokan aikinsa suka ɗebi ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowanne, suka dasa wa ɓerayen da aka raina babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Da aka ba su irin cimar Malawi, waɗanda suka gaji na mai tamowar sai suka zube. A 2013 aka wallafa wannan. Ku yi dariyarku, amma ku gaya mini wa ya yi wa ɓera asiri.

A Dhaka ta Bangaladesh kuwa, abinci aka haɗa musamman don ƙwayoyin hanjin: gyaɗa, waken suya, ɗanyar ayaba da wani wake da suke ci a can. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka ci shi sun fi yin ƙiba a kan masu cin abincin tamowa na da, alhali na da ɗin ya fi maiƙo da ƙarfi.

Na ga Alhaji ya fara lissafin buhun gyaɗa. A'a, ban ce a danƙara wa jariri ƙuli-ƙuli ba. Kai shi asibiti a auna damtsensa tukuna. In igiyar awon ta nuna ja, a kwantar da gardamar, za mu ƙarasa ta ranar Juma'a, kuma kai za ka biya kuɗin shayin.