Nazari Kan Kasafin Kuɗin Wani Magidanci da Abin da Ya Biyo Baya

Kasafin kuɗin gida, wato auna abin da ke shigowa da abin da ke fita tun kafin wata ya ƙare, ilimi ne da bai samu ɗalibai da yawa ba sai bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, inda litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da farashin hatsi suka rufa mata baya. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, kasuwa ta riga ta yi nisa, wanda ya yi nisa kuwa ba ya jin kira.

Bashin da ke danne gida iri uku ne. Akwai bashin mai shago, wanda ake rubutawa a littafi. Akwai bashin adashe, wato zubin da jama'a ke yi kowa ya kwasa idan layi ya zo kansa, wanda kan zame wa mai kwasar farko ƙarfen ƙafa. Sannan akwai bashin kunya, da ya ƙunshi gudummawar biki da ta suna da anko, wato tufafi iri ɗaya da dangi ke ɗinkawa don biki, kuma shi ba a rubuta shi amma ba a taɓa mantawa da shi.

Magidancin da wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne a Kano, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, wanda ya haɗa dukkan ukun har ta kai shi ga sauya hanyar masallaci don kada ya bi ta ƙofar shagon unguwa. Da ya ƙudurci gyara, sai ya fara da tanadar babban littafi da biro mai launi biyu da na'urar lissafi, kuma tun da ba shi da kuɗi a hannu ranar, mai shagon nan ne ya ba shi su bashi, don haka abin da aka fara rubutawa a littafin yaƙi da bashi shi ne kuɗin littafin kansa.

Mataki na farko ya shafi sufuri, domin ya jingine babur ya koma zuwa ofis a ƙafa, bisa hujjar cewa tafiya lafiya ce kuma ba ta shan mai. Kafin mako ya cika takalminsa ya ɓalle, ya makara sau uku, rana ta kwantar da shi, abin da ya kashe a wurin mai gyaran takalmi da kantin magani ya ninka kuɗin man da ya yi tsiminsa.

Mataki na biyu shi ne sari, wato sayen kaya da yawa a lokaci ɗaya don samun rangwame. Ya ranci kuɗi ya tafi kasuwar Dawanau, wadda ke cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ya sayo buhun masara da rabin buhun wake, ya manta cewa buhu ba ya shiga gida a ɓoye. Kafin a sauke shi daga a-daidaita-sahu labari ya isa ƙauye, dangin da aka shekara ba a gani ba suka fara zuwa sada zumunci, kowa da ɗan buhunsa a naɗe a hammata. Waken kuwa da ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ƙwari ne suka gaje shi ba tare da an yi rabo ba.

Mataki na uku shi ne mafi tsada, domin ya kafa dokar hana anko a daidai lokacin da ƙanwar uwargida za ta yi aure. Sakamakon haka shi ne yaji, wato tafiyar mace gidan iyayenta cikin fushi, wanda ba shi da magani sai biko, wato zuwan miji ya ba da haƙuri, kuma ba a zuwa biko hannu rabbana. Ya sayi ankon da ya hana, ya ƙara da turmin atamfa daga Kantin Kwari da goron surukai, ya kuma yi kwana tara yana saya wa yara abinci a waje, garin neman ƙiba ya samo rama.

Bayan dawowarta ne uwargida ta nemi a ba ta littafin, ta bi shi shafi-shafi har ta tsaya a kan wani layi mai suna “sauran abubuwa”, wanda ya fi kuɗin makarantar yara nauyi. Ta ce, “Malam, wannan Sauran Abubuwa ɗan wane gida ne, da ya fi 'ya'yanka ci?” Bincike ya tabbatar da cewa a ƙarƙashinsa akwai tsiren dare, da shayi da ƙwai a majalisa, wato dandalin hirar abokai inda shi ne mai cewa a zuba wa kowa, da katin waya da datar kallon ƙwallo.

Daga ranar kasafi ya koma hannunta. Ta daina sayen buhu sai 'yan tiyoyi lokacin kaka sa'ad da hatsi ke araha, ta ware wa mai shago wani abu duk ƙarshen wata, ta nemi a mayar da kwasarta ta adashe ƙarshen layi don ya zama ajiya, ta yanka wa maigida kuɗin majalisa na rana ɗaya a mako. Cikin wata goma aka soke sunansu daga littafin mai shago, maigidan ya koma bin tsohuwar hanyar masallaci, kuma har yanzu yana gaya wa abokansa cewa tsarinsa ne ya yi aiki.

Abin da nazarin ya tabbatar shi ne, duk magidancin da zai rage kashe kuɗi ya fara duba aljihun rigarsa kafin ya leƙa tukunyar matarsa.