Suna Zuba, Ni Ina Sunkuye

Ba na iya barin allon kyamara ya huta. In na danna sai na duba, in na duba sai na ƙara girman hoton, ko wani abu ya maƙale a lungu. A gidan biki wannan hali ba ya cutar da kowa, amma a daren zubar taurari asara ce tsagwaronta.

Kowace shekara, wajen 12 zuwa 13 ga Agusta, duniya kan ratsa ƙurar da tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle ta bari a hanyarta. Ita kanta sai shekara 133 take zagayowa, rabonta da kusantar rana tun 1992. Ɓurɓushinta ne, wanda yawanci bai wuce ƙwayar yashi ba, yake afka wa iskar samaniya da gudun kilomita 59 a daƙiƙa, ya ƙone. Masana na ce da waɗannan taurari masu zuba Perseids. Kafin ƙiftawar ido hasken ya ɓace.

Aikin ba wuya. Ka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, ka saita ta riƙa buɗewa daƙiƙa 15 ko 20 a jere, ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. Ido na bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken allo kuma yana rushe wannan sabon nan take. Na san haka sarai, har wasu nake koya wa, da murya irin ta malamai.

Ga shi Agusta a wurinmu tsakiyar damina ce. In hadari ya yaye na awa ɗaya bayan tsakar dare, ka gode wa Allah, ka bar wa sauro ƙafafunka sadaka. To, wannan awar nake cinyewa a sunkuye.

Ƙanena, da riƙon tocila kawai ya kawo shi, yana kwance rigingine.

"Yaya, ga wata! Kai, wannan har da jela!"

Na ɗago. Ba komai.

"Ta wuce?"

"Tun yaushe!"

Da safe shi ke ba da labari, ni ina tonon hotuna. Layin haske mafi kyau da na taɓa kamawa, wanda na tura wa abokai kafin na karya kumallo, jirgin sama ne. Wani ne ya nuna mini ɗigon fitilunsa, a gaban kowa.

Bana na liƙe allon da baƙin tef. Tef ɗin yana da sauƙin ɓarewa, musamman ta kusurwar hagu.